Makulli ɗaya na riƙe, shi ya buɗe wa ɓarawo ƙofofi na duka

Na daɗe ina karanta wannan mujalla ta mu mai farin jini, amma ban taɓa ɗaukar biro na rubuto komai ba sai yau. Dalili kuwa shi ne wani abu da ya same ni a farkon 2023, wanda na jima ina jin kunyar faɗar sa. To amma Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Idan labari na ya hana ko da mutum ɗaya faɗawa ramin da na faɗa, to ban yi asarar tawada ba.

Ni mutumin Yelwa ne ta ƙasar Yauri a Jihar Kebbi, kuma a harkar fim na tashi. Da shagon hayar kaset na fara, lokacin da 'Sangaya' da 'Wasila' ke tashe, ina zuwa Kano sarin kaya a Ƙofar Wambai da Bata. Kaset ya wuce mu ka koma sidi, sidi ya mutu mu ka koma tura fim a memori da cajin waya. Wato dai ni ɗan dawunlodin ne, kamar yadda yara ke kiran mu. Ranar kasuwa shago na ba ya rabo da mutane: masunta daga gungu-gungu, manoman albasa, mata masu bandar kifi, mutanen Zamare da Tondi, wasu daga Wara da Libata a ƙasar Ngaski, wasu daga Shanga. Kowa zai miƙo wayar sa ya ce a zuba masa 'Izzar So' ko 'Labarina', ya tafi cefane ya dawo ya karɓa.

A wata tafiya Kano ne wani aboki ya ja ni kafe ya buɗe mani akwatin Yahoo. Mai kafen ya ce in kawo kalmar sirri, wato fasiwod, wadda ba zan manta ba. Ban yi wani dogon tunani ba na ce "Sangaya", domin a lokacin Ali Nuhu da Fati Mohammed sun gama tafiya da hankali na a fim ɗin. Na liƙa mata shekarar aure na a ƙarshe. Shi ke nan! Wannan kalma ita na riƙe kusan shekara ashirin. Da 2go ya zo ita na sa. Da na buɗe Facebook ita ce. Gmail ma ita ce. Har alfahari na ke yi wai ni ban taɓa manta fasiwod ba. Yo ta yaya zan manta, tunda guda ɗaya ce tal?

Da ma a kai na abin ya tsaya da da sauƙi. Ai kun san mu masu shago mu ne malaman waya a garuruwan mu. Dattijo zai zo da sabuwar waya ya ce, "Ɗa na, buɗe mani abin nan da ake ganin hotuna." Sai in buɗe masa Gmail da Facebook, wajen kalmar sirri in sa lambar wayar sa, in kuma manhajar ta ƙi karɓa in danna masa tawa ta 'Sangaya'. Shi bai san ma akwai wata kalma ba. Ni kuma gani na ke taimako na yi. Allah kaɗai ya san yawan mutanen da na yi wa haka.

Bayan wannan, akwai 'yar ƙungiyar mu ta wasan kwaikwayo, mu shida. Mu kan ɗauki gajerun finafinan barkwanci a bakin ruwa, mun kuma ɗauki tseren jirage na bikin Rigata, mu na sakawa a tashar mu ta YouTube. Da Gmail ɗi na aka buɗe tashar. Kowa a cikin mu ya san kalmar, har da yaron da ke yi mana editin, wanda akwatin ke buɗe a wayar sa dare da rana. Duk wata manhaja da za mu shiga kuma, ko TikTok ko ta haɗa hoto, ba ma wahalar buɗe sabon suna. Akwai wurin da ake dannawa a ce a ci gaba da Google, sai mu danna, ƙofa ta buɗe. Mun wuce mabiya dubu, saura mu cika awa 4,000 na kallo da YouTube ke nema kafin ta fara biyan mutum. Har mun fara lissafin kyamarar da za mu saya.

Ranar da abin ya faru

Mai karatu zai tuna halin da aka shiga a watan Fabrairu na 2023, bayan Babban Bankin Nijeriya ya sauya fasalin takardun N200 da N500 da N1,000. Tsofaffin kuɗi an mayar banki, sababbi ba su samuwa. A Yauri abin ya yi mana tsanani, domin kasuwar kifi ba ta san tiransifa ba. Masunci ya kwana a ruwa, ya fito da kifi, ka ce masa ya jira alat? Mutane har sayen kuɗi su ke yi da kuɗi a wajen masu POS.

A cikin wannan hali ne, wata ranar da yamma ina tsakiyar tura wa mutane fim, waya ta ta yi ƙara. Wani mutum ne mai lafazi mai daɗi, Hausar sa tsaf. Ya kira suna na, ya kira sunan tashar mu, ya yaba wani fim da mu ka saka. Ya ce za a yi taron masu shirya finafinai na Arewa ta intanet da daddare, za a tattauna batun tallafi, kuma an zaɓe ni in wakilci ƙasar Yauri. Kai na ya kumbura. Ya ce, "Yallaɓai, yanzu za ka ga lamba shida ta shigo maka, ita ce lambar kujerar ka. Karanto mani in sa ka a rajista."

Saƙo ya shigo. Wallahi a jikin saƙon an rubuta da Turanci cewa kada a ba kowa wannan lamba. Ido na ya gani, amma zuciya ta na can wajen tallafi. Na karanta masa. Ya yi godiya ya kashe. Ban ankara ba sai bayan sallar Isha'i da na buɗe WhatsApp na ga ya fitar da ni, wai an yi rajistar lamba ta a wata waya. Na ce ƙila netwok ne, gobe na duba. Na kwanta na yi barci na har da minshari.

Ashe a wannan daren aka yi mani sakiyar da ba ruwa. Ɓarawon ya shiga zauren ƙungiyar mu na WhatsApp da suna na da hoto na, ya rubuta: "'Yan'uwa, na canza waya, fasiwod ɗin Gmail ya shige mani, wani ya turo." Cikin minti biyu ɗaya daga cikin yaran ya tura masa. Da ya je shiga, Google ya ga baƙuwar waya, ya aika tambaya zuwa wayar mai editin ɗin mu cewa shin mai akwatin ne ke son shiga? Ɓarawon ya rubuta masa, "Ni ne, danna eh." Yaro ya danna. Laifin sa ne? Oga ne ya yi magana.

Daga nan sai ya canza kalmar, ya cire lamba ta ya sa tasa. Tashar YouTube ta tafi, domin a jikin Gmail ta ke. Duk manhajojin da mu ke shiga da Google su ka bi ta. Ya gwada 'Sangaya' a Facebook, nan ma ta buɗe. Sannan ya bi mutanen da ke cikin zaurukan da na ke ciki ɗaya bayan ɗaya da saƙo iri ɗaya: wai na samo sababbin kuɗi daga Birnin Kebbi, duk mai so ya tura tiransifa zuwa wani asusu, gobe ya zo shago ya karɓi tsaba ba tare da ƙarin ko kwabo ba.

Zuwan Kawu

Da hantsi ina share ƙofar shago sai ga Kawu, ƙanen mahaifiya ta, ya taho daga bakin ruwa da ledar sa a hammata. Kawu dattijo ne, da wayon sa ruwan madatsar Kainji ya tashe su daga tsohon gungun su a 1968. Sana'ar sa sayen kifi a hannun masunta ya banda ya kawo kasuwa. Ba ya karatun boko. Jikan sa ne ya karanta masa saƙon, su ka tafi wajen mai POS a daren ya tura naira dubu sittin, kuɗin da zai sallami masuntan da ke bin sa.

Mu ka gaisa. Ya ce, "To ɗan nan, Allah ya yi maka albarka, ka fitar da ni kunya. Ba ni in koma, yaran na jira na a jirgi."

Na ce, "Kawu, me zan ba ka?"

Jama'a, ban taɓa ganin fuskar mutum ta sauya kamar yadda ta Kawu ta sauya ba a lokacin da na gama yi masa bayani. Bai yi faɗa ba, bai zage ni ba. Da ma ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya zauna a kan benci ya yi shiru, can ya ce, "Ni fa ban san waya ba. Ban yarda da ita ba tun farko. Kai na sani, hoton ka na gani."

Kafin azahar mutum uku su ka ƙara zuwa da irin wannan magana. Wata baiwar Allah mai sayar da warangi har da kukan ta. Na rufe shago, na bi masallatai da bakin kasuwa ina shela cewa duk wanda ya ga saƙo da suna na ba ni ba ne. WhatsApp bai dawo hannu na ba sai bayan kwana bakwai, domin ɓarawon ya sa masa lambar kulle ta biyu, wadda ni mai shi ban taɓa sawa ba. Facebook ya dawo bayan wahala. Gmail da tashar mu kuwa har yau. Aikin shekara uku, da hotunan Rigata, da na wasu dattawan da mu ka ɗauka waɗanda yanzu sun riga mu gidan gaskiya, duk sun tafi, domin yawancin su ba mu ajiye kwafi ba. Kuɗin mutane kuma na biya da kaɗan-kaɗan, sai da na sayar da babur ɗi na. Babu wanda ya tilasta mani, amma da wane ido zan kalli Kawu?

Abin da na koya daga ɗan ƙanwa ta

Akwai ɗan ƙanwa ta da ke karatun kwamfuta a jami'a. Da ya zo hutu na zayyana masa komai, ina cewa ai duk laifin wannan dannawa da Google ne. Ya ce, "Kawu, ka haɗa abu biyu wuri ɗaya, alhali ba ɗaya ba ne." Ga yadda ya fahimtar da ni, kuma ina ganin ya dace kowane ɗan fim ya ji.

Na farko shi ne maimaita kalma ɗaya a ko'ina. Ya ce wannan kamar ka sayi kwaɗo goma ne masu makulli iri ɗaya, ka sa a shago da gida da rumbu, sannan ka bar wa kowane mai gadi kwafi. Ko kai ba ka yi sakaci ba, ana iya fasa rumbun wani kamfani a kwashe. Ya ba ni misali da Yahoo ɗin da na fara da shi: a 2013 an yi masa kutsen da daga baya, a 2017, kamfanin ya amsa cewa ya shafi dukkan asusun sa biliyan 3. Ɓarayi kan ɗauki irin waɗannan sunaye da kalmomi su riƙa gwada su a sauran shafuka da na'ura. Hatta Mark Zuckerberg mai Facebook bai tsira ba: a 2016 an shiga shafukan sa na Twitter da Pinterest, masu kutsen su ka ce a cikin bayanan LinkedIn da aka sace a 2012 su ka tsinci kalmar sa, wai "dadada". Na yi dariyar da na kwana biyu ban yi ba. Ashe ba ni kaɗai ba ne! Ya kuma nuna mani wani shafi mai suna Have I Been Pwned, wanda wani Bature ɗan Ostireliya, Troy Hunt, ya buɗe a 2013. Mu ka sa tsohon adireshi na, sai ga shi ya fito a cikin bayanan da aka sace daga wani shafi da ni na ma manta na taɓa shiga.

Na biyu shi ne shiga shafuka da yawa ta hanyar Google ko Facebook. Ya ce wannan kamar gidan Bahaushe ne mai zaure ɗaya. Shafin da ka shiga ta wannan hanya ba ya ganin kalmar ka sam. Google ne kawai ke shaida masa cewa kai ne. Saboda haka ko an fasa wancan shafi, ba za a samu makullin ka a can ba. Ta wannan fuska ya fi maimaita kalma aminci nesa ba kusa ba. Illar sa ita ce duk wanda ya wuce zauren ya shiga kowane ɗaki. Kuma ran da zauren ya rufe, kai ma ka na waje: a ranar 4 ga Oktoba, 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke na kimanin awa shida, mutane da dama da ke shiga wasu manhajoji da Facebook su ka kasa shiga. A 2018 ma an saci irin wannan shaidar shiga ta mutum kusan miliyan 30 a Facebook.

Ya ce, "Kawu, zaure ɗaya ba laifi ba ne. Kai dai ka raba makullin zauren ga mutum shida, ka sa irin sa a ƙofar maƙwabta, sannan baƙo ya yi sallama ka miƙa masa na bakwai." Ban ce uffan ba.

Yadda na ke yi yanzu

Abin da ya fi hana ni barci bayan nan shi ne mutanen da na buɗe wa akawun da kalma ta. Ɓarawon na da ita a hannu. Na shafe makonni duk wanda ya kawo caji ko turin fim sai na ce ya zauna mu canza. Wasu su yi ta tsaki wai ina ɓata masu lokaci jirgi zai tashi. Na jure, domin ni na ɓata.

Yanzu doka ta a shago ita ce: Gmail da layin waya su ne zaure, su ake fara tsarewa. Kalmar Gmail ba ta zama a ko'ina sai a Gmail. Ba sunan fim, ba sunan jaruma, ba sunan ɗa ko mata, ba lambar waya, ba 123456. Kalmomi huɗu ko biyar mu ke haɗawa waɗanda ba su da dangantaka da juna, domin tsawo ya fi ƙawa amfani a wannan harka. Mai wayar ne ke zaɓa, shi ke dannawa, ni ina kau da kai. Wanda bai iya boko ba ya rubuta abin sa da ajami ya kai gida ya sa a akwati. Takarda a ƙasan adaka ta fi saƙo a zauren WhatsApp tsaro, domin ɓarawon intanet ba ya haura katanga.

Sai mu kunna tabbaci mai mataki biyu, yadda ko an san kalmar sai an nemi shaida ta biyu. Google na bayar da lambobin ko-ta-kwana guda 10, kowace a yi amfani da ita sau ɗaya. Su ma a rubuta a ajiye a gida. Wannan ya na da muhimmanci a wajen mu mutanen bakin ruwa, domin ba a wata guda ba ka ji wayar wani ta faɗa kogi ba. Haka WhatsApp: akwai lambar kulle guda shida da mutum ke sa wa kan sa, ba ta cin minti biyu. Da na sa ta, da lambar da na karanta wa mutumin nan ba ta ishe shi ba.

Layi kuma ya kasance da sunan ka da lambar NIN ɗin ka aka yi masa rajista, ba na wa ko na mai shago ba, domin ran da ya ɓata kai za a nema wajen walkam-bak. Kada ka bar layin da ka ɗaura wa Gmail da banki ya mutu, domin idan ya daɗe ba a amfani da shi ana iya sayar wa wani, saƙonnin ka su koma hannun sa. A sa wa waya kulle, musamman in za a bar ta a wajen caji, har da shago na.

Sauran shafuka kuwa, kowanne da kalmar sa. Ba sai ka haddace ba: a cikin wayar Android akwai ma'ajiyar kalmomin sirri ta Google, ita ke ƙirƙira ta kuma adana, akwai kuma irin su Bitwarden. Tun 2023 ma Google ya kawo tsarin shiga da zanen yatsa ko fuska a madadin kalma. Lokaci-lokaci kuma ina shiga saitin akwati na in duba jerin manhajojin da na ba izini da wayoyin da ke ciki, wadda ban gane ba in kore ta.

Kira ga 'yan fim

Sau nawa mu ka ji jarumi ko jaruma ko mawaƙi ya fito ya na cewa an yi masa kutse, kada a kula duk wanda ya nemi kuɗi da sunan sa? Yau kasuwar fim ta bar Ƙofar Wambai ta koma YouTube. Da can furodusa ba ya wasa da mastan kaset ɗin sa, a ƙarƙashin gado ya ke ɓoye shi. To yau mastan shi ne Gmail ɗin da aka buɗe tasha da shi, amma sai ka ga darakta da mai editin da mai ɗora fim da yaron ofis duk sun san kalmar. Ran da aka ɓata da ɗaya fa? Alhali YouTube ya tanadi wurin ba da izini, inda za ka sa mutum a matsayin manaja ko edita ya shiga da nasa akwatin, ran da ku ka rabu ka cire shi. Shafin Facebook ma haka. Sabuwar tashar da mu ka buɗe a kan wannan tsari ta ke, kuma kowane fim sai mun ajiye kwafin sa a wuri biyu.

Sannan 'yan'uwa na masu shagon turi da caji, mu ji tsoron Allah. Wanda ya miƙo maka waya bai iya karatu ba, amana ya ba ka. Kada saurin sallamar layi ya sa ka yi masa abin da na yi wa mutane na. Ku kuma 'yan kallo, duk wanda ya nemi kuɗi a saƙo, ko da hoton mahaifin ka ne a jiki, kira shi ka ji muryar sa tukuna. Lambar da ta shigo wayar ka kuma, ko wane ne ya tambaya, ko ya ce daga banki ne ko daga Abuja, ba a karanta wa kowa.

Kwanakin baya wani ya sake kira na, wai an zaɓe ni taron masu tura finafinai, in karanto masa lamba shida. Na ce masa, "Malam, kifi na ganin ka mai jar koma." Ya kashe wayar sa ba sallama.

Kawu kuwa har yanzu ya na zuwa duk ranar kasuwa a zuba masa fim. Mun shirya, har ya kan kawo mani bandar kifi. Amma ya sa jikan sa ya goge masa WhatsApp, kuma duk yadda na kai ga lallashin sa in mayar masa in sa masa kulle, sai ya ce, "Bar shi, ɗan nan. In ina son ka, na san hanyar shagon ka." Allah ya kare mu daga sharrin azzalumai, ya mayar wa duk wanda aka cuta da mafificin alheri, amin.